Kada makullin gidan lebura ya zauna a aljihun mai gona

Assalamu alaikum, Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɗan majalisar dokokin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, Robert Rivas, da faɗi-tashin da yake yi tun shekarar 2019 don leburorin gona su samu gidan da aljihunsu zai iya ɗauka. Ban taɓa zama da shi ba, kuma ba abin da nake nema a wurinsa. Ni direban babbar mota ne mai firji, kayan lambu nake lodi a kwarin Salinas in kai wasu jihohi, kuma mutanen da zan yi magana a kansu su ne masu cika mini mota. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani sharaɗi guda da ke cikin dokar da ya kawo, wanda ya ce in an gina wa leburori gidaje a filin gona ta wannan hanya, mai gonar ba shi zai riƙa karɓar haya ko ba da notis ba. Har yau ina jin masu cewa wannan sharaɗi ne ya hana a yi gini, a cire shi kowa ya huta. Ni kuwa ina ganin in aka cire shi, an cire wa dokar rai.

Ga wanda bai san wurin ba, kwarin Salinas doguwar fadama ce tsakanin jerin duwatsu biyu, a kudu da San Faransisko. Iskar teku na shigo masa da sanyi da hazo, shi ya sa latas da burokoli da seleri da sitroberi da inabi suke yi sosai. Babbar hanya mai lamba 101 ta ratsa shi tun daga sama har ƙasa, garuruwa jere a bakinta: Salinas, Chualar, Gonzales, Soledad, Greenfield, King City. Gundumar Monterey kaɗai tana fitar da amfanin gona na fiye da dala biliyan 4 a shekara. Daga watan Afrilu zuwa Nuwamba, mafi yawan latas ɗin da Amurkawa ke ci daga nan yake fita. In sanyi ya shigo sai aikin ya koma Yuma a jihar Arizona, leburori su bi shi, mu ma direbobi mu bi.

Wannan dukiya da hannu ake tara ta. Tun duku-duku za ka ga fararen bas-bas a gefen gona, kowace tana jan ban-ɗakin tafi-da-gidanka a bayanta. Mata sun naɗe fuska da ƙyalle, ido kaɗai a waje, saboda ƙura da rana da maganin feshi. Mai yankan latas a duƙe yake wuni, wuƙa a hannu, ya sare, ya fere ganyen waje, ya miƙa a sa a leda, ga injin da ake jera kwalaye a kai yana tafe a hankali a gabansa ba ya jiran kowa. Mai tsinkar sitroberi kuwa in kaka ta yi kaka aikin jinga yake yi, gwargwadon kwalin da ya cika gwargwadon abin da zai samu, shi ya sa za ka gan shi yana gudu a tsakanin kunya da kwali a kafaɗa. Yawancinsu daga Meksiko suke, da dama daga jihar Oaxaca, wasu ma ba su jin Sifaniyanci sosai, harsunan kakanninsu suke yi, irin su Mixteco da Triqui.

To, ina suke kwana?

A yi lissafi. A shekarar 2024 mafi ƙarancin albashi a Kalifoniya dala 16 ne a awa. Wanda ya samu awa 40 a mako ya tashi da dala 640 kafin a cire haraji, kuma wannan a watannin da ake aiki ne kawai, don in ruwa ya sauka ko kaka ta wuce babu ko sisi. A wannan shekarar ce ƙungiyar National Low Income Housing Coalition, wadda ke auna tsadar haya a duk faɗin ƙasar, ta nuna cewa yankin Santa Cruz da Watsonville, maƙwabcinmu ta arewa inda ake noman sitroberi, shi ne ya fi ko'ina tsadar haya a Amurka baki ɗaya. Kafin mutum ya kama gida mai ɗaki biyu a can ba tare da haya ta cinye fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu ba, sai yana karɓar sama da dala 70 a awa. Ruwa ba ya tsami banza. Bayan dutsen nan San Jose ce da kamfanonin kwamfuta, kuma duk wanda tsada ta koro daga can kudu yake gangarowa da albashin da ya fi na lebura nesa ba kusa ba. Ta yamma kuma bakin teku ne, wurin masu yawon buɗe ido da masu gida biyu. Lebura na tsakiya.

A 2018 an fitar da wani bincike a kan gidajen leburorin gona na kwarin Salinas da na Pajaro, wanda cibiyar California Institute for Rural Studies ta gudanar. Ya gano cewa a gidajen leburori, in aka raba daidai, mutum bakwai ne a kowane gida, fiye da ninki biyu na sauran jama'ar gundumar. Ya kuma ce sai an ƙara gidaje sama da 45,000 kafin cunkoson ya sauka zuwa yadda kowa ke zaune.

Mutum bakwai a takarda ba ya nuna komai sai ka shiga. Akwai wani bawan Allah da ke tuƙa injin ɗaga kaya a ɗaya daga cikin sitocin sanyi da nake lodi, matarsa kuma tana tsinkar sitroberi. Wata rana motarsa ta ƙi tashi bayan an tashi aikin dare, na rage masa hanya zuwa gabashin Salinas, ya ce lallai sai na shiga mun gaisa da iyali. Gida ne mai ɗaki uku. Kowane ɗaki iyali guda, falo an ɗaura igiya an rataya zanin gado an raba shi biyu, shi kuma da matarsa da 'ya'ya uku a gareji suke. Sun shimfiɗa tsohon kafet a kan siminti, ƙofar garejin an toshe ƙasanta da tsummoki saboda iska. A jikin ƙofar ban-ɗaki an manna takarda, an rubuta wa kowane iyali lokacinsa na wanka, na farko tun ƙarfe uku na dare. Cikin firji kowace roba da sunan mai ita. A bakin ƙofa takalman aiki ne jere cikin leda, don kada a shigo wa yara da maganin feshi. Babbar 'yarsa na same ta a cikin wata mota da ke fake a tsakar gida, ta kunna fitilar rufin motar tana aikin makaranta, don nan ne kaɗai ba hayaniya.

Na ga bangon garejin ya yi baƙi da danshi, na ce masa ya kai ƙara mana. Ya ce ya kai wa wa? Sunansa ba ya cikin takardar haya, wani ne ya kama gidan yake karɓa a hannunsu. In jami'in duba-gari ya zo, abin da zai fara cewa shi ne gareji ba wurin kwana ba ne, su fita. Gaba kura, baya siyaki. Yara irin nasa dokar tarayya tana lissafa su cikin marasa matsuguni ko da rufi a kansu, muddin rashi ne ya sa suka raɓa a gidan wani, kuma makarantun gundumar Monterey na cikin waɗanda suka fi yawan irin waɗannan yara a duk jihar. Da annobar korona ta zo a 2020 aka ce wanda ya kamu ya keɓe kansa, ba sai na faɗi yadda ta kaya a gida irin wannan ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Robert Rivas a irin wannan zama ya tashi. A Paicines ya girma, wani ɗan ƙauye a gundumar San Benito, cikin gidajen leburori na gonar inabi, tare da mahaifiyarsa da ƙaninsa da kakanninsa da sauran dangi a wuri guda. Kakansa lebura ne a gonar, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya tare da Cesar Chavez da Dolores Huerta wajen neman wa leburori haƙƙinsu a ƙarƙashin ƙungiyar United Farm Workers. Daga baya dangin suka haɗa kuɗi suka sayi ɗan ƙaramin gida a Hollister, kuma shi da bakinsa yakan ce wannan gida ne ya canza musu rayuwa. Ya yi shekara takwas a majalisar gundumar San Benito, aka zaɓe shi majalisar dokokin jiha a 2018, shekararsa ta farko kuwa ya gabatar da ƙudiri mai lamba AB 1783. Gwamna Gavin Newsom ya sa masa hannu a watan Oktoban 2019.

Abin da dokar ta yi ba shi da wuyar ganewa. A Kalifoniya, kafin ka gina rukunin gidaje a filin da aka ware don noma, sai ka bi ta hukumar tsara gari, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a yi binciken muhalli a ƙarƙashin wata doka ta 1970, kuma duk maƙwabcin da bai so ba yana iya maka ka kotu ya riƙe aikin shekaru. Kuɗin lauya da jira kaɗai sun isa su kashe aiki tun ba a haƙa harsashi ba. Dokar Rivas ta buɗe gajeriyar hanya. Mai gona zai iya ware wani yanki na filinsa a gina gidaje har 36, in ya cika sharuɗɗa jami'i ya buga masa hatimi ba tare da wancan dogon zagaye ba. Sharuɗɗan su ne a yi gidajen iyali, ba dogon ɗakin kwana mai gadaje hawa-hawa ba, a tsayar da hayar a inda mai ƙaramin ƙarfi zai iya na tsawon shekaru masu yawa, sannan a damƙa tafiyar da gidajen a hannun wata ƙungiya mai zaman kanta da ta ƙware a gidajen marasa ƙarfi. Dokar ta kuma hana a kashe kuɗin jiha wajen gina wa leburorin wucin gadi masu bizar H-2A masauki. Ƙungiyar leburori ta goya mata baya, manyan ƙungiyoyin manoma suka yi adawa da ita.

A kan wannan sharaɗi na ƙungiya mai zaman kanta nake so in daɗe, Edita, don shi ne maganar.

Lebura da ke zaune a gidan uban gidansa na aiki ba shi da baki. In fomen ya rage masa kwali a lissafi, zai yi shiru. In an tura shi gonar da aka yi wa feshi ba a cika lokacin jira ba, zai shiga. In fomen ya matsa wa matarsa ko 'yarsa da maganar banza, kafin ya buɗe baki sai ya tuna cewa ranar da aka sallame shi, ranar ce za a zubo masa kaya a titi, yara su bar makaranta a tsakiyar zango. Dokokin kare lebura suna nan a rubuce, kuma Kalifoniya ta fi yawancin jihohi yawansu, har da biyan kuɗin ƙarin lokaci bayan awa takwas, da ruwan sha da inuwa in zafi ya yi yawa. Amma doka ba ta kai kanta ofis. Sai wani ya tashi ya kai ƙara, kuma wanda aikinsa da makwancin 'ya'yansa suke hannun mutum ɗaya ba zai tashi ba. In kuwa makullin yana hannun wata ƙungiya dabam, lebura zai iya barin wannan gona ya koma waccan, ko ya je ofishin ƙwadago da rana ya dawo ya kwanta a ɗakinsa da dare.

Mutanen kwarin nan ba a littafi suka koyi wannan ba. A watan Agustan 1970 dubban leburori suka tafi yajin aiki a gonakin latas na Salinas, har aka ɗaure Cesar Chavez a kurkukun garin a watan Disambar shekarar. A shekarun da suka biyo baya, iyalai da dama da ke zaune a wani sansanin tireloli a Salinas aka kore su, suka yi ta zama a bakin titi da kayansu. Su ne suka koma wani tsohon sansanin leburori da aka yi watsi da shi a wajen gari, suka haɗa kai suka mallake shi, suka gyara da hannunsu, ya zama ƙungiyar gama kai ta San Jerardo mai gidaje kusan 60. Har yau tana nan, 'ya'yansu da jikokinsu na ciki, ba mai gonar da zai ba su notis.

Wanda kuma yake ganin wannan tsohon labari ne, ya tuna da 23 ga Janairun 2023. A ranar wani ma'aikaci ya harbe mutum bakwai har lahira a gonakin laimar kwaɗi guda biyu a Half Moon Bay, wani gari na bakin teku a kudu da San Faransisko. Da jami'ai da 'yan jarida suka shiga, sai ga iyalai a cikin kwantenoni da ruɓaɓɓun tireloli a cikin gonar, suna girki a waje a kan ɗan risho, kuma suna biyan haya. Gwamna da kansa ya je ya fito yana faɗin abin da ya gani, har da batun albashin dala 9 a awa, ƙasa da abin da doka ta yanka. Mutanen nan sun yi shekaru a haka, mintuna kaɗan daga gidajen miliyoyin daloli, ba wanda ya ji kukansu sai da jini ya zuba. Ba don ba su san ana cutarsu ba ne suka yi shiru.

Ba zan ce masu gonaki ba su da hujja ba. Na zauna da wasunsu a wurin jiran lodi, kuma ba duka ne azzalumai ba. Abin da suke cewa shi ne, fili nawa ne, mai tsada, in cire shi daga noma, in sa kuɗina, sannan a ce ba ni da ta cewa a kan wanda zai shiga? In wanda ke ciki ya koma yi wa abokin gasata aiki fa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma a abin da idona ya gani a kwarin nan ban ga suna rububin bin wannan gajeriyar hanya ba. Akwai kuma kamfanonin da suka gina wa ma'aikatansu masauki mai kyau da kuɗinsu. Tanimura & Antle sun buɗe nasu a Spreckels, kusa da Salinas, a 2016, na mutum 800, bayan sun sha adawa daga mazauna garin, kuma duk wanda ya gan shi ya san ya fi gareji sau dubu. Ban ce a hana irin wannan ba, dokar ma ba ta hana ba. Mai kuɗinsa ya bi hanyar da kowa ke bi ya gina. Abin da dokar ta ce shi ne, in kana son jama'a su ɗauke maka binciken da kowa ke yi, su kuma tallafa da kuɗin haraji, to gidan ya zama na lebura ne a matsayinsa na ɗan haya, da haƙƙin ɗan haya. Ban ga zalunci a nan ba. In mai gona ba ya son haka, amsar ita ce a nemo fili ta wata hanya, gunduma ta saya ko ta ba da nata, ba a mayar da makullin inda aka ɗauko shi ba.

Batun 'yan H-2A ya fi ba ni wahala, kuma a nan ina ganin aikin bai kammala ba. Waɗannan samari ne da ake ɗaukowa daga Meksiko na 'yan watanni, bizarsu a ɗaure da sunan wanda ya kawo su, dokar tarayya kuma ta wajabta masa ba su masauki kyauta. Na fahimci abin da ya sa Rivas ya ce kuɗin jiha ba zai shiga nan ba, don nauyi ne da ke kan mai ɗaukar aiki, kuma ɗan abin da ke asusun gara ya tafi ga iyalan da ke zaune shekara da shekaru. Sai dai yawansu ƙaruwa yake yi kowace shekara, kuma dole su kwana a wani wuri. 'Yan kwangila sun kama ƙananan otal-otal na bakin hanya a Salinas da King City sun cika su da gadaje, sun kuma shiga unguwanni suna kama gidajen haya sukutum. Mai gida da aka ce za a biya shi kan kowane kai, me zai yi da iyali guda? Sai ya ba su notis. Ta nan ne iyalin da ke da gida jiya suke komawa gareji yau. Su kansu samarin ba su da laifi, kuma su ne ma suka fi kowa rashin baki, don wanda ya yi magana ba a sake kiransa baɗi. Majalisa ba za ta iya kawar da kai daga inda za su kwana ba, ko da kuwa ba ita za ta biya ba.

Sauran cikas ɗin guda uku ne da kowa a nan ya sani, kuɗi da ruwa da maƙwabta.

Jihar tana da asusu na musamman don gidajen leburorin gona, mai ɗauke da sunan Joe Serna Jr., ɗan leburori da ya zama magajin garin Sacramento ya rasu a 1999. A zaɓen 2018 masu ƙuri'a sun amince a ciyo bashin dala biliyan 4 don gidaje, aka ware wa wannan asusu miliyan 300. Kuɗi ne, amma ko da a ce kowane gida dala 100,000 kacal zai ci daga asusun, a cike sauran daga wasu wurare, gidaje 3,000 ke nan a duk jihar, alhali kwari biyu kaɗai suna neman 45,000. Ma'aikatar noma ta tarayya ma tana da rance mai ruwan kashi 1 cikin 100 don irin wannan gini, amma masu nema sun fi abin da ake rabawa yawa. Ƙungiyoyin da za su yi aikin akwai su. CHISPA na gini a Salinas tun 1980. A kwarin San Joaquin kuma Self-Help Enterprises tun 1965 take haɗa iyalai rukuni-rukuni suna gina gidajensu da hannunsu da yamma da ƙarshen mako, guminsu ya zama kafin alƙalami, ba wanda zai tare sai an gama na kowa, kuma ta wannan hanya an gina fiye da 6,000. Ba masu iyawa aka rasa ba.

Ruwa kuwa shi ne abin da ba a cika faɗa ba. Filin gona ba shi da bututun ruwan sha, ba shi da magudanar bahaya, kuma ruwan ƙasa a sassa da yawa na kwarin ya gurɓace da sinadarin naitiret na takin zamani da aka shekara ana zubawa. Mutanen San Jerardo da na ambata sun yi shekaru rijiyoyinsu ba sa shayuwa, yara na fama da ƙuraje, sai a 2010 aka haƙa musu sabuwa can nesa aka jawo, kuɗin ruwa kuma ya hau kansu. A watan Maris na 2023 katangar kogin Pajaro ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shanye garin Pajaro, garin leburori mai mutum wajen 3,000, bayan an shafe shekaru da dama hukumomi sun san katangar ba ta da ƙarfi. Gidan da aka gina a inda ba ruwan sha, ko a inda ambaliya za ta ci, an gudu ne ba a tsira ba. Duk dokar da ta sauƙaƙa izinin gini ba ta zo da kuɗin bututu ba, a takarda za ta tsaya.

Maƙwabta kuma, kowa na son latas mai araha, ba kowa ke son mai yankansa a layinsu ba. A Half Moon Bay ɗin nan, bayan duk hawayen da aka zubar, da aka zo gina gidaje 40 don tsofaffin leburori a tsakiyar gari, hukumar tsara gari ta yi ta ɗage zama a kan tsayin bene da wurin ajiye mota, sai da gwamna ya yi barazanar ɗaukar mataki a watan Mayun 2024 kafin aka amince. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gajeriyar hanyar da Rivas ya buɗe ana buƙatarta, har a cikin gari ma, ba a gona kaɗai ba.

An ɗan motsa a 2024. 'Yar majalisa Gail Pellerin ta kawo gyaran da ya ɗaga adadin daga gidaje 36 zuwa 150 a gundumomin Santa Clara da Santa Cruz, don ƙungiyoyin gini sun daɗe suna cewa ƙaramin rukuni ba ya biyan kuɗin jawo ruwa da titi. Ɗan majalisa Joaquin Arambula na Fresno kuma ya kawo dokar da ta soke wani tsohon sharaɗi na sansanoni 24 da jihar ke da su don leburori masu bin kaka, wanda ke tilasta wa iyali su yi nisan mil 50, wajen kilomita 80, in an rufe sansani, kafin a karɓe su baɗi. Wannan sharaɗi ya raba yara da yawa da makarantarsu sau biyu a kowace shekara. Duka biyun sun wuce ne Rivas na kan kujerar kakakin majalisa, wadda ya hau a ƙarshen watan Yunin 2023.

Yanzu da yake shi ne kakaki, mai faɗa a ji a kan kasafin kuɗi da kwamitoci, uzurin sabon shiga ya ƙare, kuma dokar wa'adi ba za ta bar shi a majalisa ya wuce 2030 ba. Abin da nake roƙonsa, in wannan wasiƙa ta kai kunnen wani da zai isar, shi ne ya faɗaɗa adadin 150 ɗin nan ya game Monterey da San Benito da duk gundumomin kwarin San Joaquin, inda leburori suka fi yawa. Ya sa asusun Serna cikin kasafin kowace shekara da adadi tsayayye, don ƙungiyar da ba ta san abin da za ta samu baɗi ba ba za ta sayi fili bana ba. A haɗa kuɗin ruwa da magudana da kuɗin gini a takarda ɗaya. A tilasta wa 'yan kwangilar H-2A su nuna cewa ba iyali suka kora ba kafin a amince da masaukin da suka kawo. A kuma riƙa buga wa jama'a kowace shekara, gunduma-gunduma, gidaje nawa aka gama a ƙarƙashin dokar 2019 kuma iyali nawa suka tare, don a daina auna aikin da bikin sa hannu. Duk matsin da zai sha a kan sharaɗin ƙungiya mai zaman kanta, kada ya ba da shi a musayar ƙuri'a.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Direban babbar mota,
Salinas, Kalifoniya.